Zaɓen Aikatau Mai Rakiyar Tambaya a Rubutun Zance na Ingilishi: Abin Lura ga Malamai da Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba takardun insha'in Ingilishi na ɗaliban sakandare ya san cewa babu inda alƙalamin ɗalibi ke rawa kamar wurin da mutanen cikin labarinsa suka fara magana da juna. Muddin shi ne ke ba da labarin da bakinsa, jimlolin kan tafi daidai gwargwado. Da zarar wani daga cikin taurarin labarin ya buɗe baki ya yi tambaya, sai kurakurai su taru a layi guda: aikatau bai dace ba, babban baƙi ya faɗo inda ba muhallinsa ba, waƙafi ya biyo bayan ayar tambaya.

Wannan maƙala ta taƙaita ne ga ɗan guntun yankin nan da ke raka maganar wani don nuna mai ita, wato irin su he said da she asked. Masana nahawun Ingilishi suna kiransa reporting clause, marubuta ƙagaggun labarai kuma suna ce masa dialogue tag. A nan za mu kira shi rakiyar zance, aikatau ɗin da ke cikinsa kuwa aikatau mai rakiya. Za a dubi yadda ake zaɓen wannan aikatau idan maganar da ya raka tambaya ce, da kuma abin da ɗalibi mai jin Hausa kan zo da shi daga harshensa, wanda wani sashensa taimako ne, wani kuma tarko.

Batun ba ƙarami ba ne ta fuskar jarrabawa. A takardar Ingilishi ta Hukumar WAEC ana neman ɗalibi ya rubuta insha'i na kimanin kalmomi 450, kuma ƙagaggen labari na cikin zaɓin da akan bayar. Ana raba maki 50 ne gida huɗu: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga kiyaye ƙa'idojin rubutu. Rakiyar zance tana taɓa gidaje biyu na ƙarshe a lokaci guda. Ɗalibin da ya cika labarinsa da hira, alhali bai iya rubuta ta ba, zai iya zubar da makin ƙa'idojin rubutu tun bai kai rabin shafi na biyu ba.

2.0 Abin da Ɗalibi Ya Zo da Shi Daga Hausa

Aikatau ɗin "ce" a Hausa jaki ne da ba ya zaɓen kaya. Da shi ake kawo bayani, da shi ake kawo umarni, da shi kuma ake kawo tambaya, ba tare da kunnen Bahaushe ya ji wani abu ya rage ba. Dubi waɗannan misalai:

1. Sai Sarki ya ce, "Wa ya aiko ka?"
2. Sai Sarki ya tambaye shi ya ce, "Wa ya aiko ka?"
3. "Wa ya aiko ka?" in ji Sarki.

Na ɗaya shi ne ya fi yawa a tatsuniya da zube na gargajiya, kuma wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam zai tuna cewa "ya ce" ke gaba, magana na biye, shafi bayan shafi. Misali na biyu ya fi muhimmanci ga malamin Ingilishi. Hausa tana jera aikatau biyu ko uku, kowanne da wakilin sunansa, sannan "ce" ya zo daga ƙarshe ya buɗe wa magana ƙofa: ya dube shi ya ce, ya yi murmushi ya ce, ya kada baki ya ce. Ma'ana, yanayin da aka yi maganar yana kan wani aikatau dabam, shi kuwa "ce" yana nan a matsayinsa bai gusa ba.

Daga nan ne ɗalibi ke samo jimloli irin su He asked him and said, "Who sent you?" Jimlar ba ta karya nahawu ƙarara ba, amma ga kunnen mai Ingilishin yau maimaici ne, kuma tana ɗauke da ƙamshin tsohon rubutu. Gyaran mai sauƙi ne: aikatau ɗaya ya wadatar. Sai dai kada malami ya yi saurin yar da wannan ɗabi'a ta Hausa gaba ɗaya, domin kamar yadda za a gani a gaba, raba aiki da faɗa shi ne ainihin abin da gogaggun marubutan Ingilishi ke yi, illa dai su da aya suke rabawa.

Akwai kuma matsalar furuci wadda ke zubowa cikin rubutu. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, balle uku, kalmar asked kuwa da sautuka uku na baƙi ta ƙare. Ɗalibi yakan furta ta ba tare da sautin ƙarshe ba, daga nan ya rubuta he ask. Wanda ya ɗauka kuskuren lokacin aikatau ne kawai zai yi ta gyara ba tare da ya kai ga tushen ba.

3.0 Tsakanin Said da Asked

Tambayar da malamai suka fi yi ita ce: shin ya halatta a sa said bayan tambaya? Amsa ita ce e. Jimlar "Where is the key?" said Binta daidai take, kuma ana samun irinta birjik a littattafan manyan marubuta. Ayar tambaya ta riga ta sanar da mai karatu cewa tambaya ce, saboda haka aikin da ya rage wa rakiya shi ne ta faɗi mai magana. Malamin da ya ja jan alƙalami a ƙarƙashin said a irin wannan wuri ya hukunta ɗalibi a kan dokar da babu ita.

Duk da haka asked shi ne zaɓin da ya fi kwanciya, kuma shi ya kamata a fara koyarwa. Wasu na cewa maimaici ne, tunda ayar tambaya ta riga ta yi aikin. Gaskiya ne, amma maimaici ne da ba ya damun kowa, domin said da asked sun yawaita har ido ba ya tsayawa a kansu. Binciken da Biber da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 a kan nahawun Ingilishin baka da na rubutu ya nuna cewa say shi ne aikatau mai ma'ana da ya fi kowanne yawan aukuwa a cikin taskar matanin da suka nazarta. Kalmar da ta kai wannan yawa ta zama kamar bangon ɗaki: tana nan, amma ba ita ake kallo ba. Wannan kuwa shi ake so, don hankalin mai karatu ya tafi ga abin da aka faɗa.

A ra'ayina akwai ɗan bambanci tsakaninsu wanda ya cancanci a nuna wa ɗaliban babbar sakandare. Asked yana nuna mai magana yana jiran amsa. Said yana barin tambayar a sanyaye, kamar wanda ya riga ya san amsa, ko wanda bai damu da ita ba. Uwar da ta tarar da tulu a fashe, ɗanta na tsaye a gefe, idan aka rubuta "Who did this?" she said, mai karatu zai ji cewa ba bincike take yi ba. Wannan zaɓi ne na salo, ba doka ba ce, don haka bai kamata ya zama tambayar cike gurbi mai amsa ɗaya tak a jarrabawa ba.

Kuskuren da ya tabbata kuskure shi ne akasin wannan, wato sa asked bayan maganar da ba tambaya ba ce ba kuma roƙo ba. Ɗalibi yakan rubuta "I want to know where you went," he asked. Niyyar mai magana tambaya ce, amma ginin jimlarsa bayani ne, saboda haka said ya dace da ita.

Ta fuskar ginin jimla kuwa, kowane aikatau da halinsa wajen karɓau. Ask yana ɗaukar wanda aka tambaya kai tsaye: she asked him. Say ba ya yi sai da to: she said to him. Ɗalibi kan cakuɗa su ya rubuta she asked to him ko she said him. Tell kuma, ko da yake yana ɗaukar karɓau kai tsaye, ba ya raka tambaya. Haka nan ana iya gabatar da aikatau a kan suna, asked Musa ko Musa asked, duk daidai ne, amma da wakilin suna asked he ya tsufa, a rubutun yau he asked ake cewa.

4.0 Sauran Aikatau da Nauyin da Kowanne Ke Ɗauke da Shi

A makarantun Amurka da Ingila an daɗe da wata al'ada ta liƙa wa yara jerin kalmomi a bangon aji don su maye gurbin said, har akan ce musu said ya mutu. Irin wannan jeri ya iso azuzuwanmu ta littattafan koyon insha'i, kuma niyyarsa mai kyau ce, wato faɗaɗa rumbun kalmomin yaro. Amma marubutan da ke cin abinci da sana'ar sun yi ta sukar abin. Stephen King, a littafinsa na 2000 a kan sana'ar rubutu, ya fifita said a kan sauran, ya kuma yi gargaɗi game da lafta masa bayanau. Elmore Leonard, a ƙa'idoji goma da ya wallafa a jaridar New York Times a 2001, ya ma hana amfani da kowane aikatau in ban da said. Wannan ya yi tsauri, kuma ba da ɗalibin da Ingilishi harshensa na biyu ne yake magana ba. Namu ɗalibin yana bukatar sanin waɗannan kalmomi, ko don ya fahimce su idan ya gamu da su a karatu. Abin da ke cutar da shi shi ne a ba shi su a jere kamar duk ma'anarsu ɗaya.

Na taɓa duba takardar wani ɗalibi da ya sa uwa ta tarbi ɗanta daga makaranta da cewa "Have you eaten?" she interrogated. Yaron ya yi ƙoƙari, kuma na tabbata an yaba masa a aji kan irin wannan. Amma interrogate aikin ɗan sanda ne da wanda ake tuhuma, titsiye ne mai tsawo, kuma aikatau ne da ke son karɓau na mutum, ba ya zama da kyau a matsayin rakiyar tambaya guda. Uwar nan ta tashi daga mai tausayi ta koma mai bincike saboda kalma ɗaya.

Questioned ma kusan haka yake. A Ingilishi ana questioning mutum, wato a yi masa jerin tambayoyi, ko a yi questioning shawara ko hukunci, wato a nuna shakka a kansa. Ɗalibi yana ganin sunan question a cikinsa sai ya ɗauka shi ne tagwayen asked, alhali ba haka ba ne. Enquired, wanda Amurkawa ke rubutawa inquired, shi ne ya fi kusa da asked ta ma'ana, sai dai yana da nauyin ladabi da na ofis. Ya dace da baƙon da ke neman hanya a wurin dattijo, bai dace da yara biyu masu faɗa a kan ƙwallo ba. Idan kuma za a ambaci wanda aka tambaya, enquired of him ake cewa.

Demanded yana nuna mai tambaya yana ganin amsa haƙƙinsa ce, kuma ransa a ɓace yake ko yana da iko. Wannan aikatau yana ƙara wani abu na gaske, don haka yana da wurinsa: "Where is my money?" he demanded. Wondered kuwa yawanci tambaya ce da mutum ya yi wa kansa a zuci. Idan ana so a nuna an furta ta sai a ƙara aloud. Ɗalibin da ya sa wani ya amsa tambayar da aka raka da wondered kawai ya sa shi ya ji abin da ke cikin zuciyar ɗan'uwansa.

Queried yana da wani tarihi na musamman a ƙasar nan. A aikin gwamnati da makarantun Nijeriya, query ita ce takardar tuhuma da shugaba ke ba na ƙasa da shi don ya kare kansa. Saboda haka mai karatu ɗan Nijeriya yana jin barazana a kalmar, alhali ga Baturen Ingila yawanci neman tabbaci ne ko nuna ɗan kokwanto. Kalmar da ke da fuska biyu irin wannan gara ɗalibi ya bar ta har sai ya san wanda yake rubuta wa.

Ma'aunin da nake ba malamai shi ne su sa ɗalibi ya rufe rakiyar da yatsa ya karanta tambayar kaɗai. Idan fushi ko ladabi ko tsoro ya riga ya fito daga kalmomin, to asked ko said ya isa. Idan kuwa kalmomin za su iya ɗaukar murya biyu, kuma babu abin da ke kewaye da su da zai bambance, a nan ne whispered ko shouted ko demanded ke da aikin yi.

Sai kuma aikatau waɗanda ba na magana ba ne sam, irin su smiled, frowned, shrugged, nodded. Ba a murmusa tambaya, ba a kuma girgiza ta da kai. A nan ne Hausa ke taimakawa. Ɗalibi ya san cewa ba a cewa "ya yi murmushi, ina za ka", sai an ce "ya yi murmushi ya ce". To a Ingilishi ma aikin jimla ce mai zaman kanta:

4. Binta frowned. "Who told you?"
5. "Who told you?" Binta frowned.

A duka biyun an san mai magana ba tare da said ko asked ba, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi kowace maganin maimaici. Idan mutum biyu ne kawai ke hira, bayan an kafa su a layukan farko ana iya barin rakiya gaba ɗaya na ɗan lokaci, muddin kowane mai magana yana da sakin layinsa.

5.0 Tambayar da Ba Tambaya Ba

Tun daga ayyukan Austin na 1962 da Searle na 1969 masana harshe suke bambance siffar jimla da aikin da mai magana ya yi da ita. Bahaushe bai bukatar dogon bayani a nan. "Ina kwana?" siffar tambaya gare ta, amma babu mai cewa wane ya tambayi wane ina kwana, sai dai a ce ya gaishe shi. "Ba na hana ka ba?" tsawatarwa ce. "Ko za ka miƙo mini butar nan?" roƙo ne. Ingilishi ma haka yake da How do you do? da Haven't I warned you? da Could you pass the salt? A gaisuwa da tsawatarwa said ya fi dacewa. A roƙo kuwa asked yana nan daram, domin ask ya haɗa ma'anar tambaya da ta nema, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa "ya tambaye ni kuɗi". Darasin da aka fara da misalan Hausa irin waɗannan yakan shiga cikin minti biyar.

6.0 Alamomin Rubutu da Tambayar da Aka Ruwaito

Ƙa'idojin kaɗan ne, amma nan maki ke zuba. Ayar tambaya tana zama cikin alamar zance, ba a ƙara mata waƙafi, kuma rakiyar da ta biyo baya tana farawa da ƙaramin baƙi sai fa in sunan yanka ne, domin jimlar ba ta ƙare ba:

6. "Are you coming?" she asked.
7. She asked, "Are you coming?"

A misali na 7 ba a ƙara aya bayan rufe alamar zance. Idan kuwa abin da ya biyo baya aiki ne ba faɗa ba, babban baƙi ya wajaba: "Are you coming?" She picked up her bag. Littattafan Ingila sun fi amfani da alamar zance mai ƙugiya ɗaya, na Amurka mai biyu. Kowace ɗalibi ya ɗauka ya tsaya a kanta har ƙarshen takarda.

Wurin da ya fi wuya shi ne tambayar da aka ruwaito ba da lafazin mai ita ba. Hausa ba ta juya tsarin kalmomi don yin tambaya, kuma ba ta mayar da lokacin aikatau baya idan ana ruwaito magana. "Ina za ka?" yakan koma "Ya tambaye ni ina za ni", ginin na nan yadda yake, wakilin suna kawai ya sauya. Wasu ma kan ƙara "cewa" ko "wai". Shi ya sa muke ganin He asked me that where am I going? Kurakurai huɗu ne a wannan gajeren layi: that ba ya biyo bayan ask a tambaya, aikau ya kamata ya gabaci aikatau, lokacin ya kamata ya koma baya tunda labarin na abin da ya wuce ne, ayar tambaya kuma ba ta da wuri. Daidai shi ne He asked me where I was going. Tambayar da amsarta e ce ko a'a tana ɗaukar if ko whether, kuma wannan yana da sauƙin koyarwa domin daidai yake da "ko" a "ya tambaye ni ko zan zo". Abin lura na musamman shi ne, 'yancin nan na sa said a madadin asked ya tsaya ne ga magana kai tsaye. Ba a cewa He said where I was going da nufin tambaya, ma'anar ta sauya ke nan.

7.0 Inda Batun Ya Shafi Manhaja

A yadda aka saba tsara darussa, magana kai tsaye da wadda aka ruwaito suna ƙarƙashin nahawu, alamomin rubutu suna wani mako dabam, rubutun labari kuma yana ƙarƙashin insha'i. Ɗalibi yakan iya juya jimloli goma daga wannan siffa zuwa waccan a darasin nahawu, amma ya kasa rubuta hirar layi shida a labarinsa, domin ba a taɓa haɗa masa ukun a zama ɗaya ba. Shawarata ga masu tsara manhaja ita ce a ware wa rubutun zance darasi nasa a ƙaramar sakandare, a tsaya kan said da asked da replied da alamominsu har su zauna. Sauran aikatau a jinkirta su zuwa babbar sakandare, a kuma gabatar da kowanne cikin yanayin da ya dace da shi, tare da irin karɓau ɗin da yake ɗauka.

Ba a bukatar sabon littafi don wannan. Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, yana samuwa a yawancin makarantu. Malami ya zaɓi babi mai yawan hira, ya sa ɗalibai su ƙirga da kansu sau nawa aka yi amfani da said, sau nawa asked, sau nawa wani aikatau dabam, sau nawa kuma aka bar magana ba rakiya. Bayan haka malamin Hausa ya ba su shafi ɗaya na zuben Hausa su yi masa irin wannan ƙidaya, sannan a ajiye sakamakon biyu gefe da gefe a kan allo kafin a ba su aikin rubuta tasu hirar.